Sule, Sisi da Jaka: Abin da Ya Kamata Ku Sani

A ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, duk inda dattawa suka zauna hirar tsadar rayuwa, da wuya a tashi ba a ambaci sule ba. Wani zai ce da sule kaza aka yi masa ɗinkin sallarsa ta farko, wani ya ce sadakin uwar 'ya'yansa fam kaza ne da sule kaza. Yaran da ke gefe kuwa, wasunsu sun ɗauka sunan wani bawan Allah ake kira. Idan kuna cikin waɗanda ba su taɓa riƙe sule a hannu ba, ku sani kalma ce ta Turanci, kuma tsohuwar gaske, wadda su kansu mutanen Ingila suka daina ciniki da ita fiye da shekara 50. Amma lissafin da ta zo da shi bai bar bakinmu ba, yana nan a kasuwar shanu, yana nan a cikin tsofaffin takardun gona, kuma wanda bai iya shi ba yana iya tafka asara.

Mene ne sule?

Sule tsabar kuɗi ne, wato kuɗin ƙarfe, wanda Turawan Ingila ke kira shilling. Darajarsa kwabo 12 ce na da, kuma sule 20 ne ke yin fam ɗaya. Hausawa na cewa sule ko sulai, jam'insa sulalla. Shi ya sa har gobe idan an ce sulalla kowa ya san kuɗin ƙarfe ake nufi, ko da na wace ƙasa ne.

Wataƙila ku tambaya ko yana da alaƙa da sunan Sule. Babu ko kaɗan. Sule na mutane gajartawar Sulaimanu ne, daga Larabci. Sule na aljihu kuwa daga Ingila ya taso. Haɗuwa kawai suka yi a bakin Bahaushe.

Yadda shilling ya koma sule ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san harshenmu. Bahaushe ba ya son kalma ta ƙare masa da tarin baƙaƙe, sai ya yanke ƙarshen ya sa wasali. Yarabawa ma sile suke cewa, kuma tun da su da sauran mutanen kudu sun riga mu cuɗanya da Turawa, su ne kuma akawuna da 'yan kasuwar da suka biyo jirgin ƙasa zuwa arewa, akwai alamar cewa ta bakinsu muka fara jin da yawa daga cikin sunayen kuɗin nan. Masu jin Suwahili a gabashin Afirka suna cewa shilingi.

Daga ina Turawa suka samo kalmar?

Kalmar ta girmi Turancin da ake ji a yau. A tsohon Turanci ana rubuta ta scilling, kuma tana da 'yan'uwa a Jamusanci da harsunan ƙasashen arewacin Turai. Masana asalin kalmomi sun rabu a kan tushenta. Wasu sun ce daga wata tsohuwar kalma ce mai nufin yankawa ko rabawa, domin mutanen wancan lokaci sukan gutsuro zinariya ko azurfa su auna su biya. Wasu sun ce daga kalmar garkuwa ce, saboda siffar kuɗin. Wasu kuma sun danganta ta da ƙarar da ƙarfe mai kyau ke yi idan an jefa shi ƙasa.

Abin da ba a jayayya a kansa shi ne daɗewarta. Tana cikin dokokin Sarki Etelbat na Kent, wani yanki a kudancin Ingila, waɗanda aka rubuta wajen shekara ta 600 Miladiyya, wato kafin Hijira. Dokokin kusan duk na diyya ne, kuma da sule aka ƙayyade su: wanda ya cire wa wani ido zai biya sule 50, wanda ya yanke kunne sule 12, haƙorin gaba kowane ɗaya sule 6. Kada wannan ya sa ku zaci ido ba shi da daraja a wurinsu. Sulen wancan zamani dukiya ce babba.

Wani abin lura shi ne, shekaru ɗaruruwa sule suna ne kawai na lissafi, babu wani ƙarfe guda da za a ɗaga a ce ga shi. Kamar dai yadda muke cewa miliyan alhali babu takardar miliyan. Bayan Normawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066 aka daidaita shi a kan kwabo 12. Sai a farkon shekarun 1500, zamanin Sarki Henri na Bakwai, aka fara buga tsabarsa da azurfa.

Turawa sun yi masa laƙabi, suna ce masa bob, sun kuma yi karin magana da shi. Idan suka ce wane ya karɓi sulen sarki, suna nufin ya shiga soja, domin a da masu ɗaukar soja sukan miƙa wa saurayi sule ɗaya, da zarar ya karɓa magana ta ƙulla. An daina wannan al'ada a 1879. Akwai kuma maganar sallamar ɗa da sule ɗaya: uban da ya yi fushi da ɗansa sai ya rubuta a wasiyya cewa a ba shi sule guda, don a san ba mantuwa ya yi ba, da gangan ya hana shi gado. Wannan kam a wurinmu ba ta taso ba, tun da a shari'ar Musulunci uba ba shi da ikon cire ɗansa daga gado don ya ɓata masa rai.

Yaya aka yi ya zo ƙasar Katsina?

Kafin Turawa, kuɗin ƙasar Hausa wuri ne. Kalmar kuɗi ma kanta jam'in wuri ce. Ana ƙirga shi ɗari-ɗari, zambar-zambar, har a cika keso, wato ƙunshin wuri 20,000 a cikin tsohuwar tabarma. Manyan fatake kuma suna da wata babbar azurfa ta ƙasar Ostiriya mai hoton Sarauniya Mariya Tereza da shekarar 1780 a jikinta. Matsalar wuri nauyi ne. Kuɗin doki ɗaya mai kyau sai an nemi masu ɗauka.

Turawa sun shigo Katsina a 1903. Ba su tsaya lallashin mutane su karɓi kuɗinsu ba, hanya biyu suka bi. Ta farko, suka hana shigo da sabon wuri. Ta biyu, wadda ta fi aiki, suka matsa a riƙa biyan haraji da jangali da tsabar kuɗinsu. Haraji shi ne kuɗin da ake ɗora wa kowane magidanci a shekara, jangali kuma na shanu ne, ana biya bisa yawan kawuna. A zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, aka fara kafa Baitulmali, wato ma'ajin hukumar gargajiya da aka fi sani da En'e. Tsarin ya yi wa Turawa daɗi har suka yaɗa shi zuwa sauran masarautun arewa. Daga nan kuɗi ya samu hanyarsa: daga hannun talaka zuwa mai unguwa, zuwa dagaci, zuwa hakimi, zuwa Baitulmali a birni, hakimai da alƙalai da dogarai kuma aka yanka musu albashi da fam da sule.

To, manomin da ke Faskari ko Sabuwa ina zai samo sulen da zai biya? A nan auduga ta shigo. Kudancin Katsina ƙasar auduga ce tun asali, masaƙa da marina sun daɗe suna amfani da ita. Kamfanin Turawa mai sayen auduga, BCGA, wanda mutane suka mayar Bisije, ya kafa injin gurza a Funtuwa. A Daudawa, cikin ƙasar Faskari, aka buɗe gonar kiwon irin auduga. Hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta ratsa Funtuwa da Gusau ta isa Ƙauran Namoda a 1929. Manomi ya kai audugarsa fuloti, wato wurin da aka keɓe don awo da saye, a ɗora a sikeli, a zube masa sulalla, ya juya ya miƙa wani kaso ga dagaci. Wanda gonarsa ba ta yi kyau ba kuwa sai ci-rani, wasu har Jos wajen haƙar kuza, don dai a samo na haraji. A ganina duk wanda ke son ya fahimci yadda noman sayarwa ya kafu a wannan yanki, to ya fara da takardar haraji, domin ita ce ta tilasta wa mutane neman sule tun kafin su so shi.

Da farko sulen Ingila ne ke yawo. A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Ingila, wato Nijeriya, Gana ta yanzu, Saliyo da Gambiya, kuma daga 1913 ta fara fitar da nata sulen, gefe ɗaya kan sarkin Ingila, ɗaya gefen bishiyar kwakwar manja. Na farkon azurfa ne, shi ya sa mutane suka riƙa binne shi a tukwane, maƙeran fari kuma suna narka shi su yi wa mata awarwaro da zobba. Da azurfa ta yi tsada bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1920 aka koma buga shi da gaurayen ƙarfe mai launin tagulla. Kuɗin takarda kuwa ya daɗe bai samu karɓuwa a ƙauye ba, kuma mutanen suna da hujja: gara na ci, gobara na cinyewa, ruwa na lalatawa.

Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki ranar 1 ga Yuli, 1959, ya fitar da kuɗin ƙasa na kanta, har lokacin fam da sule. A jikin taro (kwabo 3) na wannan shekara akwai hoton itacen auduga, a jikin sisi (kwabo 6) koko, a jikin sule biyu kuma gyaɗa.

Yaya lissafinsa yake?

A nan ne mutane ke rikicewa, domin lissafin ba na goma-goma ba ne. Ku bi shi a hankali daga ƙasa.

Mafi ƙanƙanta shi ne anini. Anini 10 ke yin kwabo ɗaya. Sai ɗari, wato rabin kwabo, sunan da ake dangantawa da wuri ɗari. Sai kwabo. Waɗannan ukun duk suna da huji a tsakiya, ana zura su a zare, kuma na zamanin Turawa suna da tauraro mai tsini shida da rubutu da haruffan Larabci. Kwabo ɗaya da rabi shi ne ahu. Kwabo 3 taro. Kwabo 6 sisi. Kwabo 9 nai. Kwabo 12 sule. Sule 2 dala, wasu su ce fataka. Sule 20 fam. Ahu da nai ba su da ƙarfen kansu, sunayen adadi ne kawai. Idan kun haɗa, fam ɗaya kwabo 240 ne, ko anini 2,400.

Yawancin sunayen nan Turanci ne da ya sha ruwan Hausa. Fam daga pound, sisi daga sixpence, taro daga threepence, nai daga ninepence, kwabo kuma daga copper, wato jan ƙarfe.

Idan tsohuwar takarda ta faɗo hannunku, ga yadda ake karanta ta. Alamar £ fam ce, harafin s sule, harafin d kwabo. Me ya sa d? Domin haruffan daga Latin suke, harshen Rumawa, kuma d na nufin denarius, kalmar da ita ce ta shiga Larabci ta zama dinari. Saboda haka £3 5s 6d na nufin fam uku da sule biyar da sisi. Akawuna sukan gajarta da karan tsaye: 5/- sule biyar ke nan cif, 2/6 kuma sule biyu da sisi. Wanda bai sani ba sai ya karanta shi kamar kwanan wata ko lissafin kaso.

Yaushe aka daina amfani da shi?

Ingila ta koma lissafin goma-goma ranar 15 ga Fabrairu, 1971. Sule ya zama sabon kwabo 5, tsofaffin sulallan suka ci gaba da yawo da wannan daraja har 1990 aka janye su. Yau matashin Landan sai dai ya gamu da kalmar a littafin tarihi ko tsohon labari.

Nijeriya ta bi baya ranar 1 ga Janairu, 1973, a mulkin Janar Yakubu Gowon. Aka ce naira 2 ita ce fam ɗaya. Ke nan naira ɗaya sule 10 ce, sule ɗaya kuma sabon kwabo 10, sisi kwabo 5. Ku lura da kyau: tsohon kwabo da sabo ba ɗaya ba ne, tsofaffi 12 ne ke daidai da sababbi 10. Da wannan ma'auni, £3 5s 6d ɗin can na sama ya zama naira 6 da kwabo 55.

Mutane ba su yar da sunan ba. Sabon ƙarfen kwabo 10 ya gaji sunan sule, kwabo hamsin ya zama sule biyar, naira 10 fam biyar, naira 20 fam goma. Abin da ya kashe sule a aljihu faɗuwar darajar naira ce, ranar da kwabo 10 ya daina sayen ko ashana.

A wasu ƙasashe kuwa yana nan da ransa. Kenya, Uganda, Tanzaniya da Somaliya duk sule ne sunan kuɗinsu har yau, 'yan Kenya ma suna ce masa bob kamar Turawan da. Ostiriya ta yi amfani da nata har 2002, lokacin da kuɗin Yuro ya maye gurbinsa.

Ina ya rage a bakinmu?

Abin ban sha'awa, ƙananan 'yan'uwan sule sun fi shi shiga magana. Wanda ya tsiyace sai ya ce ba shi da ko sisi, ko ya ƙara gishiri ya ce ko sisin kwabo. Abin da ba shi da amfani a ce bai kai anini ba. Mai ƙaramar sana'a yana neman ɗan taro da sisi.  Tauraron da ke kafaɗar hafsan soja ko ɗan sanda anini ake ce masa, saboda tauraron da ke jikin tsohon aninin. Sisin gwal, da wasu ke bayarwa a sadaki, ya ari sunan ne kawai, shi zinariya ne. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939 Abubakar Imam na editanta, kwabo ɗaya ake sayar da ita.

Wanda ya fi duka ƙarfi a yau shi ne jaka. A zamanin fam, bankuna da kantunan Turawa sukan ɗaure sulalla na fam 100 a jaka guda, wato sule 2,000. Da naira ta zo, fam 100 ya zama naira 200, sunan kuma ya zauna. Yarabawa ma haka suke kiran naira 200, da kalmarsu ta jaka. Don haka idan kun shiga kasuwar dabbobi ko ta hatsi, irin su Sheme ko Ɗandume, kuka ji dattijo ya ce jaka biyar, naira 1,000 yake nufi. Jaka ɗari naira 20,000 ce. Jaka dubu, naira 200,000.

Wa abin ya shafa, kuma me rashin saninsa ke jawowa?

Na farko, mai ciniki. A Jamhuriyar Nijar ma ana cewa jaka da dala, amma ma'anar daban ce: dala a can sefa 5 ce, jaka kuma sefa 1,000. Tun da fataken Maraɗi da na Katsina kullum suna cuɗanya, kuma samarin yanzu da yawa da dubu suka saba ƙirga, ana iya yin sallama a kan jaka hamsin alhali kowa da abin da ke ransa. Ba abin kunya ba ne ku ce wa dillali, “Alhaji, a faɗa mini da naira.” Ku faɗi adadin da baki a gaban shaidu kafin a kama igiya.

Na biyu, magada. Gidaje da yawa suna da tsofaffin takardu a cikin adaka: shaidar biyan haraji, takardar cinikin gona, ko ta jingina, wato ba da gona riƙo a karɓi bashi har ranar da aka biya. A ce kakanku ya jinginar da gona a kan fam 15 kafin zuwan naira. A lissafin 1973 naira 30 ke nan. Idan jikokin mai gona suka zo yau da naira 30 suka ce a ba su gonarsu, rigima ta tashi, domin fam 15 a wancan lokaci kuɗi ne da magidanci zai yi wata da watanni bai tara ba. Canjin 1973 yana gaya muku sunan kuɗin ne da sabon harshe, ba ya gaya muku abin da kuɗin ke saya. Hanyar da ta fi kusa da adalci ita ce a tambayi dattawan da suka ga zamanin, buhun dawa nawa ko sa nawa wannan kuɗi ke saya a shekarar, sa'an nan a kai maganar gaban malamai masana ko alƙali, domin hukuncin tsohon bashi bayan kuɗi ya canza daraja magana ce ta fiƙihu, ba ta zaure ba.

Na uku, ɗalibi da mai karanta tsofaffin littattafai da jaridu. Duk inda kuka ga albashi ko tara ko farashi kafin 1973, kada ku yi dariyar ƙanƙantarsa kafin ku gwada shi da albashin lebura ko kuɗin hatsi na waccan shekarar.

Tsohon sulen da ke gidanmu yana da tsada?

Lokaci-lokaci jita-jita kan tashi cewa ana neman kwabo mai huji ko tsohon sule a kan miliyoyi. Ku yi hattara. An buga waɗannan kuɗaɗe da ɗimbin yawa, shekara da shekaru, kuma yawancinsu ba su da wuyar samu a wurin masu sha'awar tara tsofaffin kuɗi. Wanda ke da ɗan ƙarin daraja shi ne sulen azurfa na kafin 1920, saboda azurfar da ke jikinsa, sai kuma 'yan ƙalilan na wasu shekaru da ba a buga da yawa ba, idan ba su goge ba. Duk wanda ya ce ku fara ba shi kuɗin mota ko na gwaji kafin ya kawo mai saye, ɗan damfara ne. Idan kuna da su, kada ku goge su da toka ko yashi, gogewa na rage musu daraja. Ku adana su wuri mai bushewa tare da tsofaffin takardun gidan, ku kuma ɗauki hoton takardun da waya tun gara ba ta riga ku ba.